Karkarwar Zuciya da Mantuwar Tsufa: Jawabi ga Dattawa da Iyaye Mata

  An ce mu yi magana a kan lafiyar tsofaffinmu, an kuma ba mu rabin sa'a. Lafiyar tsofaffi kuwa kogi ce, ba a ƙetare ta cikin rabin sa'a. Saboda haka muka zaɓi abu guda wanda muke gani yana cin mutanenmu a ɓoye, wato wani ciwo da yake rikita bugun zuciya, da yadda ciwon nan yake kai mutum ga raunin tunani da mantuwa.

Makarantar tauhidi muka yi, ba ta likita ba. Abin da za mu faɗa mun tattaro shi daga abin da likitoci suka bincika suka wallafa, mun kuma zauna da 'yan'uwanmu ma'aikatan asibiti suka warware mana inda ya yi mana nauyi. Amma aikin kiwo yana shigar da mu gidajen da likita bai taɓa takawa ba, kuma dukanmu a nan mun san abin da muke tararwa. Dattijon da ya riƙe kuɗin baiko shekara ashirin, kwabo bai taɓa ɓata a hannunsa ba, sai ga shi lissafi ya fara ƙwace masa. Uwar zumunta da ta haddace waƙoƙi ba iyaka, ta tsaya cik a tsakiyar baiti. Tsohuwa ta fita ɗibar ruwa ta kasa gane hanyar gida. Masu sauƙin kai sukan ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Waɗansu su ce an yi masa jifa. Idan kuwa tsohuwa ce gwauruwa wadda ba ta da mai tsaya mata, sai a fara raɗa a bakin rijiya cewa maita ce take damunta. A cikin duk masu maganganun nan, da wuya a sami wanda zai kama wuyan hannun tsohon ya ji yadda jininsa yake bugawa.

Bari mu fara da ita zuciyar. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini su tura shi cikin na ƙasa, na ƙasa kuma su harba shi zuwa huhu da sauran jiki. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da yake ba da umarnin bugawa. Ku iyayenmu mata kun fi kowa gane wannan, gama kun san mai buga tulu a ƙungiyar waƙa: ita take riƙe da kiɗan, kowa ita yake bi. Idan mutum yana zaune a natse, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, a jere, tazara ɗaya tsakanin kowane bugu da na bayansa. A yini da kwana, wajen sau dubu ɗari ke nan.

To, a ciwon da muke magana a kai, mai tulu ba ta da iko kuma. Kowa a ƙungiyar ya ɗauki abin kiɗa yana buga nasa. Umarni yana fitowa daga wurare barkatai, sau 300 har zuwa 600 a minti, sai ɗakunan sama su daina matsewa da ƙarfi, su koma karkarwa kawai kamar mai jin sanyi. Ɗakunan ƙasa suna ci gaba da aiki, amma ba tsari: biyu da sauri, a tsaya, uku da sauri, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai rauni. Likitoci suna kiransa atiriyal fibirileshan. Mu a nan za mu kira shi karkarwar zuciya, domin mu huta da karya harshe.

Ciwo ne da ya yawaita. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kusan mutum miliyan 60 ne suke ɗauke da shi a duniya. Yana ƙaruwa da shekaru, har a cikin waɗanda suka haura 80 akan sami wajen mutum ɗaya cikin goma. Wani yakan ji faɗuwar gaba, ko ya ji kamar tsuntsu yana fuffuka a ƙirjinsa, ko haki idan ya hau ɗan tudu, ko jiri, ko gajiyar da ba ta da dalili. Amma da yawa ba sa jin kome ko kaɗan. Ga wani kuma zuwa yake yi ya tafi, yau akwai, gobe babu, shi ya sa mutum zai je asibiti ranar da zuciyar ta natsu a ce masa lafiyarsa ƙalau.

Ina ruwan wannan da ƙwaƙwalwa? Ga inda maganar take. Ruwan rafi mai gudu ba ya yin gansakuka, na kududdufi ne yake yi. Sa'ad da ɗakin sama na hagu ya daina matsewa, jini yakan kwanta a wata 'yar aljihu da take jikinsa, jinin da ya kwanta kuwa yakan daskare ya yi guda. Wata rana gudan ya ɓalle ya bi hanyar jini, hanyar da ta fi miƙewa daga zuciya kuwa ita ce ta kai. Ku manoman rani ku tuna da lambu. Idan babbar hanyar ruwa ta toshe, gefen lambun gaba ɗaya ya bushe, kowa kuma zai gani. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu, magana ta sarƙe. A garin Firamingham na ƙasar Amurka an fara bin lafiyar zuciyar mutum 5,209 tun shekarar 1948, ana duba su shekara da shekaru. A 1991 masu wannan bincike suka bayyana cewa mai karkarwar zuciya ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar. Wannan magana ta zauna, ba likitan da yake gardama a kanta.

Amma a lambu ba babbar hanya kaɗai take toshewa ba. Akwai ƙananan hanyoyi da suke kai ruwa ga kowane fangali. Idan ɗan ƙaramin guda ya toshe ɗaya daga cikinsu, fangali ɗaya ne zai bushe a can lungu, mai wucewa a hanya ba zai lura ba. Haka yake faruwa a ƙwaƙwalwa. Ɗan wuri ya mutu, baki bai karkace ba, mutum ya tashi ya tafi gona kamar kullum. Bayan wata shida wani wurin ya mutu. Bayan shekara, wani. A ƙasar Suwizalan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu karkarwar zuciya fiye da 1,700, aka wallafa sakamakon a 2019. A cikin waɗanda ba su taɓa sanin sun yi shanyewar jiki ba, fiye da mutum ɗaya cikin goma an tarar da tabon wani wuri mai ɗan girma da ya riga ya mutu, kuma masu irin wannan tabo sun fi sauran rauni a gwajin tunani. Su kansu ba su sani ba, iyalansu ma ba su sani ba.

Akwai hanya ta biyu. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗauka, kuma ba ta da rumbun ajiya. Abin da ya zo mata yanzu shi take ci yanzu. Zuciyar da take karkarwa ta rasa turin da ɗakunan sama suke yi, ga shi kuma wani bugun cike yake, wani rabi. Ƙwaƙwalwar da take samun abincinta haka shekara goma, likitoci suna ganin dole ta ji a jikinta.

Waɗanda suka fara jawo hankalin duniya ga wannan dangantaka sosai su ne masu bincike na birnin Rotadam a ƙasar Holan. A 1997 suka wallafa abin da suka gani a cikin mutum 6,584 masu shekara 55 zuwa sama: cutar mantuwa ta fi yawa fiye da ninki biyu a cikin masu karkarwar zuciya, kuma shanyewar jiki da aka sani bai isa ya bayyana bambancin ba. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe dabam dabam ya rage wannan adadi. Da aka haɗa su wuri ɗaya, ƙarin haɗarin ya tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ga wanda bai taɓa shanyewar jiki ba. An kuma lura cewa dangantakar ta fi ƙarfi ga wanda ciwon ya kama tun bai tsufa sosai ba, ya kuma daɗe da shi. Wannan ya shafi da yawa daga cikinmu da muke zaune a nan muna ganin kamar maganar iyayenmu ake yi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Fasto ya ce duk mai faɗuwar gaba zai ruɗe, ko duk tsohon da ya ruɗe zuciyarsa ce. Ba haka muka ce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, kuma mafi yawansu, kashi 60 zuwa 70, cutar Alzaima ce, wadda tushenta dabam ne. Ban da haka, abubuwan da suke lalata zuciya, kamar hawan jini da ciwon suga da tsufa, su ne kuma suke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye, don haka wani ɓangare na dangantakar nan tafiya tare ce kawai, kamar baƙi biyu da mota ɗaya ta sauke. Dalilin da ya sa muka zaɓi karkarwar zuciya a cikin dukan waɗannan shi ne, ana iya gano alamarta da yatsu biyu ba tare da an biya ko sisi ba, kuma akwai maganin da yake tare mafi munin ɓarnarta.

Mantuwar da take zuwa ta hanyar toshewar jijiyoyi tana da ɗan halinta. Sau da yawa ba da manta suna take farawa ba. Mutum yakan yi nauyin tunani, shirya abu ya gagare shi, canjin kuɗi a kasuwa ya rikita shi, tafiyarsa ta zama ta jan ƙafa. Takan kuma sauko kamar matakala: ya zauna a hali ɗaya wata da watanni, sai rana ɗaya iyali su ce tun makon jiya Baba ya canza. Irin wannan canji na farat ɗaya, dattawa, ku ɗauke shi da nauyi. Haka kuma idan baki ya karkace ko hannu ya mutu na 'yan mintoci sa'an nan ya dawo daidai, kada a ce iska ce ta buge shi ta wuce. Gargaɗi ne, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa alamun ba su wuce ba, kada a tsaya shafa mai ko jiran ɗan da yake birni ya turo kuɗi, gama allurar da take narkar da guda, a asibitin da ake da ita, cikin sa'a huɗu da rabi na farko take aiki.

Me yake kawo karkarwar zuciya a wurinmu? Babba a ciki shi ne hawan jinin da aka bari shekaru ba magani, ko ake shan maganin sai ranar da kai ya yi ciwo. Sai ciwon suga, da ƙiba, da irin maƙoƙon da yake sa rama da zufa da rawar hannu, da minsharin da numfashi yake ɗaukewa a cikinsa. Sai giya. Mun san akwai ƙauyukanmu da har yanzu burkutu yake da kasuwa ranar Lahadi da yamma, kuma ba wa'azi muka zo yi a kansa yau ba. Lissafi kawai za mu ba ku. A ƙasar Ostireliya an ɗauki mashaya 140 masu wannan ciwo, rabi suka daina sha, rabi suka ci gaba. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cikin wata shida ciwon ya dawo wa kashi 53 cikin 100 na waɗanda suka daina, da kashi 73 na waɗanda suka ci gaba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi damunmu a Afirka fiye da Turai. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ba a ba shi maganin ƙwayar cutar ba, bayan makonni gaɓoɓinsa su kumbura su yi ciwo, ya warke, kowa ya manta. Ashe ciwon ya taɓa ƙyauren da yake tsakanin ɗakunan zuciya na hagu. Bayan shekara goma ko ashirin ƙyauren ya ƙanƙance, ɗakin sama ya kumbura, karkarwa ta fara. Wani bincike da ya haɗa ƙasashe 46, wanda aka wallafa a 2014, ya tarar da wannan lalacewar ƙyaure a jikin kashi 21.5 cikin 100 na masu karkarwar zuciya a Afirka, alhali a Amurka ta Arewa kashi 2.2 ne kawai. Ma'anarsa, a wurinmu ciwon yakan kama mace mai shekara 30 da goyo a bayanta. Ku malaman makarantar Lahadi da iyaye mata, ciwon maƙogwaron yaro mai zuwa da zazzaɓi ba na ruwan gishiri kaɗai ba ne, a kai shi a duba.

Bari mu ɗan ratse mu faɗi wani abu mai ƙarfafa zuciya. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na birnin Indiyanafolis a Amurka suka haɗa kai suna kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka. A 2001 suka bayyana cewa yawan masu kamuwa da cutar mantuwa a kowace shekara a Ibadan bai kai rabin na can ba. Cikin dalilan da suka yi zato akwai ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitsen jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na lokacin. Wato mantuwa ba haraji ba ce da kowane tsoho zai biya. Sai dai tsofaffin nan sun girma da tafiyar ƙafa da abincin gona, mu kuwa yanzu ko zuwa bayan gari sai an hau babur, dunƙulen miya da lemon kwalba sun shiga har ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Yanzu maganar magani. Idan gwajin zanen bugun zuciya, wanda a asibiti ake kira i-si-ji, ya tabbatar da ciwon, likita zai duba abu biyu. Zai ba da maganin da yake rage gudun zuciyar ko ya maido da ita kan tsari. Sa'an nan zai auna haɗarin gudan jini: shekarun mutum sun kai 65 ko 75, yana da hawan jini, yana da suga, zuciyarsa ta raunana, ya taɓa shanyewar jiki, ƙyauren zuciyarsa ya lalace? Idan haɗarin ya kai, sai ya rubuta maganin hana jini daskarewa. Tsohon cikinsu shi ne wafarin. Abin mamaki, a 1948 maganin ɓera aka fara sayar da shi, sai a 1954 aka amince a ba mutane da awo, har shugaban Amurka Aizinhawa ya sha shi bayan ciwon zuciyarsa na 1955. Yana rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi biyu cikin uku. Asfirin da mutanenmu suke saya a kemis suna cewa yana tsinka jini bai kama ƙafarsa ba a wannan ciwo, kuma likitoci sun daina ɗaukarsa a madadinsa. Akwai sababbi kamar afiksaban da ribaroksaban da dabigataran, ba sa bukatar yawan gwajin jini, amma sun fi tsada. Ga mai lalataccen ƙyaure kuwa, wani gwaji da aka yi da mutum fiye da 4,500 a ƙasashe 24, akasari na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna a 2022 cewa masu shan irin su wafarin sun fi masu shan ribaroksaban tsira da rai. Don haka kada ɗa ya aiko wa uwarsa da sabon magani daga birni ya ce ta bar tsohon domin wannan ya fi tsada.

To, shin maganin nan yana hana mantuwa? A ƙasar Suwidin an bi bayanan mutum 444,106 masu karkarwar zuciya daga 2006 zuwa 2014. Waɗanda suke kan maganin hana daskarewa tun farko, haɗarin cutar mantuwa a cikinsu ya yi ƙasa da kashi 29 cikin 100. Labari ne mai daɗi, amma kallo aka yi, ba gwaji ba, kuma mai yiwuwa waɗanda likita ya ba maganin dama sun fi sauran lafiya da masu kula da su. Da aka yi gwaji na sosai a Kanada da mutum 1,235 waɗanda ba su kai shekara 65 ba, ba su kuma da wani haɗari ban da karkarwar, aka ba rabi ribaroksaban, rabi ƙwayar da ba magani a ciki, sakamakon da aka bayyana a 2024 bai nuna bambanci a raunin tunani ba, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Abin da muka fahimta shi ne, maganin nan ba na ƙara basira ba ne, kuma ba kowane mai karkarwar zuciya ne yake bukatarsa ba. Amma ga wanda likita ya auna ya ce yana cikin haɗari, tare shanyewar jiki kaɗai ya isa dalili, gama shanyewar jiki ita kanta babbar ƙofar mantuwa ce. Hawan jini kuwa, wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2019 cewa saukar da shi sosai ya rage fara raunin tunani da wajen kashi 19 cikin 100. Wannan yana hannun kowa.

Wafarin yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne iyali da ikkilisiya suke shigowa. Idan ya yi kaɗan ba ya aiki, idan ya yi yawa jini ya ɓalle. Shi ya sa ake gwajin jini a kai a kai, ana so awon ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin mutane. Ganye irin su zogale da alayyafo da kabeji suna rage ƙarfinsa. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai wa daida, kada a yi wata guda ba ganye sa'an nan damina ta zo a riƙa cin kwaɗo safe da yamma ba a gaya wa likita ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda tsofaffinmu suke sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa, suna iya sa jini ya ɓalle a ciki idan aka haɗa su da shi. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da yake ciki ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, dasashi mai zubar jini ba tsayawa, ko faɗuwa a bugu a kai, duk na komawa asibiti ne nan da nan. Mace mai shan wafarin da take sa ran ciki ta yi magana da likita tun kafin cikin ya shiga, gama yana iya cutar da ɗan tayi.

Ku lura da wannan sarƙaƙiya: mutumin da tunaninsa ya fara rauni shi ne aka ba maganin da ba ya son kuskure. Zai sha da safe, ya manta, ya sake sha. Ko ya yi mako bai sha ba. Don haka a kowane gida a sami mutum ɗaya tak da zai riƙe maganin, ya ba da shi a lokaci ɗaya kullum, ya yi alama a kalanda. Idan an tsallake na jiya, ba a haɗa biyu yau. Inda tsohon ba shi da kowa, aikin masu ziyara ne, kuma muna roƙon dattawa su duba ko asusun taimako zai iya ɗaukar kuɗin mota zuwa gwajin jini. Mun ga asusun nan yana buɗewa da sauri ranar jana'iza. Da zai buɗe da rabin wannan sauri domin kuɗin gwaji, da waɗansu jana'izun sun jinkirta.

Akwai abu biyu da suka shafe mu a matsayin masu bi, ba za mu tsallake su ba. Na farko, masu zubar da magani bayan an yi musu addu'a, ko masu barinsa saboda azumi, ko don wani mai wa'azi a filin taro ya ce shan ƙwaya rashin bangaskiya ne. Karkarwar zuciya tana da yaudara, gama mutum yakan ji garau alhali haɗarin yana nan. Za mu yi addu'a, muna kuwa yi. Amma ko sarki Hezekiya, bayan an ji addu'arsa, sai da aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa. Wanda ya gaskata ya warke, ya koma a sake gwada shi, likitan da ya rubuta maganin shi zai ce a daina.

Na biyu ya fi nauyi. Tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta taɓu takan fita da dare, a same ta a bayan gidan wani ba zane. Takan kira sunan matattu kamar suna raye. Idan aka kewaye ta da tambaya da tsawa, za ta amsa duk abin da aka ɗora mata, har ta ce i, ita ta kama yaron, domin ba ta ma gane abin da ake tambayarta ba. Sai a ce ta tona kanta. Iyayenmu dattawa, irin wannan amsa ba shaida ba ce a gaban kowace majalisar ikkilisiya. Matar da ta yi shekara arba'in tana share majami'a ba ta zama mayya a shekara ta saba'in ba. Haka ma'ajin da lissafinsa ya rikice: kafin a kira shi ɓarawo a gaban jama'a, a kai shi asibiti, a kuma sauke masa nauyin cikin mutunci, a ba shi mataimaki, a bar masa kujerarsa. A asibitin kuma a roƙi a duba sauran abubuwan da suke ruɗa tsoho waɗanda suke warkewa, kamar ciwon mafitsara, da faɗuwar suga, da ƙarancin jini, da rashin ji, da baƙin cikin kaɗaici.

Kusan kowace ikkilisiyarmu, kome ƙanƙantarta, tana da nas ko malamin asibiti ko unguwarzoma da ta yi horo. Muna roƙo a ba su minti ashirin bayan sujada, ko sau ɗaya a wata, su auna hawan jinin duk wanda ya haura 50, su kuma ji bugun hannunsa. Yawancin na'urorin awo masu batir suna nuna wata 'yar alama idan bugun ba ya tafiya daidai, a riƙa kula da ita. A sami littafi a riƙa rubuta suna da rana da awo, domin idan za a tafi asibiti a kwafa a tafi da shi, tare da dukan magungunan da mutum yake sha a cikin leda ɗaya, har da na gargajiya. Jin bugun hannu ba ya tabbatar da ciwon, akwai tsallen bugu da ba shi da illa. Aikinsa shi ne ya nuna wa za a tura gwaji.

Shugaba yana duban agogo, saura mana minti uku, za mu kashe su a kan gwadawa. Kowa ya juya ga na kusa da shi, maza da maza, mata da mata. Ka buɗe tafin hannunsa yana kallon sama. Ka ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannun, daidai ƙarƙashin gindin babban yatsa, ka danna kaɗan. Kada ka yi da babban yatsanka, gama shi ma yana da nasa bugun. Idan ka ji shi, ka riƙa buga ƙafa a hankali tare da shi, ka ga ko ƙafar za ta iya binsa. Sakatare zai ba mu minti ɗaya cif, a ƙirga har ƙarshe. Wanda aka ji nasa yana tsalle ba tsari, ko ya haura 100 alhali yana zaune tun ɗazu, ya ga 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya a teburin da yake bakin ƙofa kafin a tafi cin abinci. Sakatare, muna jiranka.